An Ba Ka Reshen Banki? Fara da Ɗaure Hannunka

Ranar da takardar ƙarin girma ta fito aka ce kai ne sabon manajan reshe, wayarka ba za ta huta ba: Allah Ya sanya alheri, Allah Ya taya ka riƙo. Kafin wata ya ƙare kiran zai canza salo. Wani ɗan'uwa na neman rance ba shi da jingina, wani Alhaji na so a tura masa kuɗi kafin takardu su iso, wani abokin makaranta ya tuna da kai bayan shekara da shekaru. Shawarar yau taka ce, kai da duk wanda sa hannunsa ke fitar da kuɗi a banki, tun daga shugaban sashen kuɗi na reshe har zuwa mai kujera a kwamitin daraktoci. Guda ɗaya ce kuma: kafin ka fara sa wa na ƙasa da kai ido, ɗaure hannunka tukuna. Tsara aikin yadda kai kanka ba za ka iya motsa ko kwabo kai kaɗai ba, yadda kuma ƙaramin ma'aikaci zai iya ce maka "Yallaɓai, ba zai yiwu ba," gobe ya dawo aiki hankalinsa kwance.

Idan aka yi zancen sata a banki, ido kan tafi ne ga kashiyan da ya zare 'yan dubbai daga bandir. Wannan yana faruwa, amma ba shi ke kayar da banki ba. Ranar 14 ga Agusta, 2009, wata biyu da zamansa gwamnan Babban Bankin Najeriya, Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da FinBank. Aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe da ajiyar jama'a. A watan Oktoba aka ƙara sauke na Bank PHB da Spring da Equitorial Trust, kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a kotu a 2010, aka yanke mata wata shida, ta kuma miƙa kadarori na kimanin naira biliyan 190. Shari'ar Francis Atuche na Bank PHB ta ja har 2021 kafin a same shi da laifi a kan naira biliyan 25.7. A laccar da Sanusi ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon 2010, ya faɗi irin abin da masu bincike suka tarar: shugabanni sun kafa kamfanonin bogi suna ranta wa kansu kuɗin masu ajiya, su sayi hannun jarin bankin nasu don farashinsa ya tashi, su sayi gidaje a ƙasashen waje. Akwai bankin da ya ciyo bashi ya sayi jiragen sama, daga baya aka ga an yi musu rajista da sunan ɗan shugaban.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutum ɗaya zai iya yi. Kowane rance sai jami'in bashi ya rubuta bayani, lauya ya duba jingina, kwamiti ya zauna, mai binciken cikin gida ya gani, odita na waje ya sa hannu a ƙarshen shekara. Mutanen nan duk suna nan, albashinsu na shiga. Abin da babu shi ne wanda zai iya cewa a'a. Bayan haɗewar bankuna ta zamanin Charles Soludo, da aka ɗaga jari daga biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, wasu shugabannin sun yi girman da su ke zaɓar daraktocin da za su sa musu ido. Shi ya sa a 2010 Babban Banki ya ƙayyade wa shugaban banki shekara goma a kujera. Reshenka ƙarami ne, amma cutar ɗaya ce, kuma ta ƙananan abubuwa take shiga.

Ɗauki ɗakin ajiyar kuɗi. Ƙa'ida ta ce mutum biyu ke buɗe shi da safe, ɗaya da makulli, ɗaya da lambar sirri, su ƙirga tare, su sa hannu a littafi tare. A kwamfuta ma haka: wanda ya shigar da biyan kuɗi daban, wanda ya amince da shi daban. Kowa ya san wannan tun ranar horon farko. Ga yadda take mutuwa. Ranar Juma'a ce, ƙarfe ɗaya saura, mai riƙe da makulli na sauri ya samu sahu, sai ya miƙa wa abokin aikinsa: "Riƙe min, yanzu zan dawo." Ba a yi asarar komai ba. Mako na gaba babban kwastoma na zaune a ofishinka yana duba agogo, wadda za ta amince da tiransifar ta fita cin abinci, sai ka kira ta a waya: "Turo min lambarki in wuce da wannan, Alhaji na sauri." Nan ma ba a yi asarar komai ba, har Alhaji ya yaba maka. Amma ma'aikata goma sun gani, sun kuma fahimci cewa ƙa'idar ta masu ƙaramin matsayi ce. Bayan wata shida, idan kuɗi suka fita daga asusun wata tsohuwa da lambar waccan ma'aikaciyar, ba kai ba ita ba wanda zai iya rantsuwa a kan wanda ya taɓa na'urar. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Saboda haka kada ka taɓa karɓar lambar sirrin wani, ko da shi ya miƙo maka da hannu biyu, kuma ka faɗa a taron safe, gaban kowa, cewa duk ranar da ka nema a hana ka. Idan aiki na tsayawa saboda mutum ɗaya ya fita, rubuta wa hedikwata a naɗa mataimaki a hukumance, da tasa lambar. Bankin Barings na Ingila, wanda aka kafa tun 1762, ya rushe a 1995 saboda ma'aikaci ɗaya a Singafo, Nick Leeson, shi ke cinikin, shi ke kuma kula da littafin da ake duba cinikin. Ya ɓoye asarar fam miliyan 827, aka sayar da bankin a kan fam ɗaya.

Hutun shekara ma yana cikin wannan. Ma'aikacin da ba ya son zuwa hutu, mai cewa "ai in na tafi aiki zai lalace," sau da yawa shi ake yi wa kirari da ƙwazo. Wataƙila ƙwazon ne. Amma cuwa-cuwa irin ta cike wannan rami da ƙasar wancan tana bukatar mai ita kullum a kan kujera, mako biyu cur ba ya nan sai ta fito fili. Ka tilasta wa kowa hutunsa a jere, a rufe lambarsa ta shiga kwamfuta har ya dawo, wani ya zauna a teburinsa. Kai ma ka tafi naka, kuma kada ka riƙa bugo waya kana ba da umarni daga gida. Asusun da suka daɗe ba a taɓa su ba, na mamata da na 'yan fansho da na waɗanda suka yi tafiya, ka sa a kawo maka jerin duk wanda ya motsa a cikinsu kowane mako. Nan ɓarawon cikin gida ya fi so, don mai kuɗin ba ya duba alat.

Inda kuɗi masu yawa ke ɓacewa kuwa shi ne rance. Takarda ba jingina ba ce sai an tabbatar da abin da ke cikinta. Idan an kawo takardar mallakar gida ko fili, a je hukumar filaye a duba, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a ga ko sunan ya dace, ko an riga an jinginar da ita a wani wuri. Kuma wanda zai je kada ya zama jami'in da ya kawo kwastoman, don shi rabonsa na cikin a amince. Idan kaya ne a sito, ka taka da ƙafarka, ba tare da ka sanar da ranar zuwa ba. Kada ka tsaya a bakin ƙofa kana kallon buhunan da aka jera har rufi. Shiga ciki, zagaya bayan jerin, sa a sauke buhu daga tsakiya a farke. Tambayi mai gadi, ba mai kaya ba, na wane ne sito, tun yaushe kayan suka zo. Tsohuwar dabara ce a ari kayan maƙwabci na kwana biyu, ko a nuna wa banki uku sito ɗaya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan binciken, ɗan kasuwar Dawanau da kansa ba ya sayen riɗi bai soka buhu ba.

Idan kuma rance ya fara tangal-tangal, faɗa da wuri. Jarabar da ke kama manaja ita ce ya ba mai bashi sabon rance ya biya tsohon, littafi ya nuna komai lafiya, alawus ɗin ƙarshen shekara ya fito. Rami ne kake ƙara wa zurfi, kuma ranar da aka gano, ba za a ce kasuwa ce ta karya kwastoma ba, za a ce kai ka ɓoye. Basussukan da aka yi ta lulluɓewa haka ne suka sa aka kafa AMCON a 2010 don ta saye su, kuma har yau bankuna na biyan kaso a kowace shekara don cike wannan giɓin.

Sai maganar 'yan'uwa, wadda a wurinmu ta fi kowace wuya, domin wanda ya biya maka kuɗin makaranta ba ka iya yi masa Turanci. Kawu zai zo gida, ba ofis ba, bayan sallar isha'i, ya ce, "Yanzu kai ne a wurin, miliyan goma kacal nake nema, kafin kaka na mayar." Kada ka ce masa za ka duba. "Zan duba" alkawari ne a kunnensa, kuma gobe dangi za su ji ka yi alkawari ka saɓa. Gaya masa gaskiyar tsarin: "Kawu, doka ta hana ni taɓa takardar ɗan'uwana. Idan ka nema, dole in rubuta cewa kai kawuna ne, in fita daga ɗakin, wasu su yanke. Zan nuna maka takardun da ake bukata, amma hannuna ba ya ciki." Idan kana da hali, ka taimaka masa daga aljihunka da abin da za ka iya yafewa. Zai ji zafi, wataƙila a yi wata biyu ana gaisawa sama-sama. Hakan ya fi a ce ranar da bashin ya ƙi biyuwa kai ne za ka aika a sayar da gidan da ka girma a ciki.

Kada ka ɗauka wannan matsalar ta ƙananan manajoji ce. A Afrilun 2021 Babban Banki ya rushe kwamitin daraktocin First Bank da na kamfanin da ke riƙe da shi, kuma cikin dalilan da gwamnan lokacin ya bayar akwai basussukan na-gida da ba a bi ƙa'ida a kansu ba. A farkon 2025 ya umarci duk daraktan da bashinsa ya ƙi biyuwa ya sauka daga kujera. Doka ta kuma hana banki ranta wa mutum ɗaya da kamfanoninsa fiye da kashi 20 cikin ɗari na jarin masu hannun jari. Hanyar kauce mata ita ce a raba bashin ga kamfanoni biyar masu suna daban-daban, mai su ɗaya. Idan ka ga kamfanoni da adireshi ɗaya, lambar waya ɗaya, darakta direban wani ne ko matarsa, haɗa su wuri ɗaya a rahotonka ka rubuta abin da ka gani.

Kyauta kuma fa? Mu mutane ne masu alheri, kuma ba zan ce ka mayar da goron ɗaurin aure ko kalandar sabuwar shekara ba. Amma buhun shinkafa da azumi, rago da layya, kujerar Umara, kuɗin mai a ambulan, daga hannun wanda takardarsa ke kan teburinka, waɗannan suna da wani suna. Ma'auninmu tsoho ne. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an aiki wani mutum karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi aka ba kyauta, aka nuna masa cewa da yana zaune a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa. Yi wa kanka wannan tambayar: kafin a ba ni kujerar nan, mutumin nan ya taɓa aiko min da rago? Ka buɗe littafin kyauta a reshe, kowa ya rubuta abin da aka kawo masa da wanda ya kawo, sunanka ya zama na farko a ciki. Abin da ya wuce iyakar da bankinku ya sa, a mayar. Mayarwar ma da ladabi: ka je da kanka, ka yi godiya, ka ce, "Alhaji, na ga saƙo, Allah Ya saka da alheri, amma idan na karɓa aikina ne zai tafi, na san kuma ba ka so min haka." Ɗora wa doka laifin, ka bar masa mutuncinsa. Da yawansu za su ƙara ganin girmanka, wanda kuma ya fusata ya gaya maka abin da ragon yake nufi.

Akwai wata ɓarna da shugaba ke haifarwa ba tare da ya ci ko sisi ba, ita ce ta taget. A 2016 hukumomin Amurka sun ci tarar bankin Wells Fargo dala miliyan 185 saboda ma'aikatansa sun buɗe wa mutane asusu da katuna ba da saninsu ba. Bankin ya kori ma'aikata wajen 5,300, amma kowa ya ga cewa mutum dubu biyar ba sa lalacewa rana ɗaya, matsin cike adadi ne daga sama, kuma shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka a wannan shekarar. A nan gida mun san yadda abin yake. Yarinya ce 'yar kwantiragi, albashinta bai kai rabin na ma'aikacin dindindin ba, an ce ta kawo ajiyar miliyoyi kafin ƙarshen wata ko ta nemi wani aikin. Ina za ta samo? Ko ta yi ƙarya a takarda, ko ta kawo kuɗin da bai kamata ta tambayi asalinsu ba, ko ta je ofishin wani mai kuɗi da yamma ta ji abin da zai ce. Manajan da ya ce "ban damu da yadda za ki yi ba, ki dai kawo" ya san duk ukun. Idan hedikwata ta ɗora maka adadin da garinku ba zai iya ba, aikinka ne ka koma musu da lissafi, ba ka juye nauyin a kan mafi rauni ba. Kuma kada ka tura mace ita kaɗai wurin kwastoman da aka riga aka san halinsa. Wata rana a taro, yabi wanda ya ƙi karɓar wata ajiya saboda bai gamsu da ita ba, ka ambaci sunansa kamar yadda kake ambatar na wanda ya cike taget. Ma'aikata na koyon abin da ake yabawa ne, ba abin da aka manna a bango ba.

Kuɗin gwamnati da na 'yan siyasa su ne suka fi kawo ajiya mai tsoka, su ne kuma suka fi kai manaja gaban EFCC. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki sanar da hukumar NFIU duk hada-hadar da ta wuce naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, da kuma duk wadda ta ba da shakku ko nawa ce. Idan wani ya zo da jaka ya ce a raba masa miliyan huɗu da rabi sau shida a asusu daban-daban, rabawar ita kanta abin kai rahoto ce, kuma haramun ne ka tsegunta masa cewa an kai. Idan kuɗin kwangila suka shigo da safe, kafin la'asar suka watse zuwa asusun 'yan canji da na wasu mutane da ba su da alaƙa da aikin, ka gani, na'ura ma ta gani. Tun da aka kawo BVN a 2014 sawu ba ya ɓacewa. Mai girma zai gama wa'adinsa, yana da lauyoyi da jam'iyya. Kai sa hannunka kaɗai gare ka.

An gwada mu a fili a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Mutane na kwana a layin na'urar cire kuɗi, mai jego ba ta da na cefane, amma sababbin kuɗi na fitowa bandir-bandir a wuraren biki ana liƙi, masu POS na sayar da naira da naira. Daga wani ɗaki suka fito, wani ne ya buɗe shi. ICPC da EFCC sun kama jami'an bankuna a kan ɓoye kuɗin. Haka aka yi da dala kafin Yunin 2023, lokacin da farashin gwamnati ke wajen naira 460, a kasuwar 'yan canji ta Wapa kuma ya haura 700: tikitin jirgi na bogi, a karɓi kuɗin guzuri, a soke tafiya, a raba riba. Duk lokacin da abu ya yi ƙaranci kuma rabonsa na hannunka, rubuta ƙa'idar rabon kafin a buɗe ƙofa, nawa kowa zai samu, wa ke gaba, manna ta inda jama'a za su gani, kuma kada ƙofar baya ta buɗu ko ga surukinka.

Af, kada mai aiki a bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, ya ce wannan ba tasa ba ce. Kwamitin malamai na duba halascin ciniki, ba ya tsaye a bakin sito. Rasit ɗin bogi a cinikin murabaha rasit ɗin bogi ne, kuma mai ajiyar da ya zo don addini cin amanarsa ya fi ciwo.

Yadda kake karɓar mai binciken kuɗi na nuna wa ma'aikata ko kai wane ne. Idan ya iso aka fara raɗe-raɗi, ana gyara fayil da daddare, ana shirya masa masauki da abinci na musamman, an gama magana. Ba shi teburi da makullin kabad, ka gaya masa da bakinka wuraren da kai ma ba ka gamsu da su ba. Ma'aikacin da ya kawo maka ƙorafi a asirce kuwa, sunansa amana ne. Tun 2014 Babban Banki ya wajabta wa bankuna samar da hanyar kwarmata bayani ba tare da bayyana suna ba, amma hanya ba ta da amfani idan kowa ya ga wanda ya yi magana bara an tura shi reshen da ba wanda ke so. Sanar da ma'aikata lambar da adireshin, ka ce musu ko a kanka ne su yi amfani da ita.

Idan kuma an kama wani dumu-dumu, za a zo maka da roƙo: limamin unguwa, mahaifinsa, matarsa da goyo. Za a ce a rufa masa asiri, ya biya, ya ajiye aiki a hankali. Tausayi na da kyau, kuma kana iya rubuta duk abin da ka sani na alherinsa a rahoto. Amma kada ka binne maganar don kare sunan reshenka. Dole banki ya kai wa Babban Banki da hukumar inshorar ajiya ta NDIC rahoton zamba, akwai kuma kundin sunayen waɗanda aka kora a kanta. Wanda aka sallama a ɓoye da takarda mai tsabta, wata uku yana wani bankin yana riƙe da makulli. Kuma idan banki ya faɗi, ba daraktoci ke kwana a bakin ƙofa ba. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, inshorar NDIC naira miliyan 5 ta tsaya ga kowane mai ajiya, wanda kuɗinsa suka haura sai jiran a sayar da kadarori a karɓo basussuka. Ɗan kasuwar da jarinsa ke ciki ba ya iya gaya wa masu bin sa su jira.

Saura mafi wahala: umarnin da ya zo daga sama. Waya ce za ta shigo daga shiyya ko hedikwata, murya a sake, "Ka wuce da wannan, takardu na tafe, Oga ya sani." Kada ka yi gardama, kada kuma ka yi wa'azi. Ce masa, "To ranka ya daɗe, a turo min a rubuce ta imel ɗin ofis in haɗa da fayil." Rabin irin waɗannan umarnin a nan suke mutuwa. Idan an ƙi rubutawa kuma an ci gaba da matsi, kai ka rubuta: kamar yadda muka yi magana da ƙarfe kaza, kun umarce ni da kaza, ga abin da ya rage kafin in iya aiwatarwa. Sa jami'in bin ƙa'ida na bankin a cikin waɗanda za su gani. Ajiye littafinka na kanka mai kwanan wata da lokaci, amma kada ka kwashi bayanan kwastoma zuwa gida ko wayarka, wannan laifi ne da za a juya a kanka. Idan na cikin gida sun toshe kunne, kwamitin bincike na daraktoci na nan, Babban Banki na nan.

Wannan na iya jawo maka canjin wurin aiki, ko a tsallake ka a ƙarin girma, ba zan ɓoye maka ba. Shi ya sa shirin ke farawa daga gida. Manajan da ya kai 'ya'ya makarantar da albashinsa ba ya ɗauka, ya ci bashin mota a kan bashin gida, ya saba da rabon kuɗi a kowane biki don a ce manaja ya zo, ba ya iya cewa a'a ko yana so, domin wata ɗaya babu albashi asirinsa ya tonu. Zauna da iyalinka ku yi lissafi a kan albashin kawai, ban da alawus. Tara abin da zai riƙe gidan wata shida, a wani bankin da ba naku ba, kuma kada ka ci bashi a hannun kwastoma ko na ƙasa da kai, ko na kwana ɗaya ne.